Yadda Na Bi Takardun Turken 5G Daga Zauren Mai Unguwa Zuwa Abuja

Aikina neman fili ne da bin takardu. Kamfanin da nake yi wa aiki ƙaramin ɗan kwangila ne da ke karɓar aiki daga hannun masu turakun sadarwa, ƙarafunan sabis ɗin nan da kuke gani sun miƙe a tsakiyar unguwanni. Injiniyoyi su zana, magina da leburori su kafa, ni kuwa nawa shi ne in tabbatar ranar da aka sauke siminti da rodi babu wanda zai zo da jan fenti ya ce a dakata. A ƙarshen 2023 aka miƙo mini fayil da taswira a ciki, an ɗiga jan ɗigo a wata tsohuwar unguwa mai cunkoso a ɗaya daga cikin manyan biranen Arewa. Ana son sabon turke na 5G a wurin, da wayar fayiba, wadda ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske, mai tsawon kusan kilomita 2 da za ta haɗa shi da babban layi. Injiniyanmu ya ce in aka sakar masa fili, mako shida sun ishe shi. Sai da na kusa cinye shekara kafin na sakar masa.

Akan tambaye ni me ya hana a ɗora 5G a kan tsofaffin turaku kowa ya huta. Ana ɗorawa, da haka ma aka fara. Sai dai zangon iskar sadarwa da aka sayar don 5G a Najeriya, wato 3.5GHz, ba ya cin nisa kamar ƙananan zanguna irin su 900MHz da aka saba da su tun zuwan GSM a 2001, kuma katanga tana rage masa ƙarfi sosai. Yana ɗaukar kaya da yawa, amma tafiyarsa gajera ce. Don haka tsakanin turke da turke sai a sami gurbin da sabis ba ya kaiwa, dole a cike shi da sabo. Kuma saurin da ake yi wa 5G kirari da shi ba ya fitowa yadda ya kamata sai turken yana da fayiba a gindinsa. Ke nan sabuwar fasahar ta fi waɗanda suka gabace ta buƙatar ƙasa: ƙarin filaye, ƙarin haƙa, ƙarin maƙwabta.

A nan ne doka take rabuwa gida biyu. Ranar 13 ga Disamba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon a Abuja, kamfanonin MTN da Mafab suka ci a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, Airtel ya samu nasa bayan kimanin shekara guda. MTN ya fara kunna 5G a 2022, Kano da Maiduguri na cikin biranen farko. Wannan maƙudan kuɗi iska suka saya. Tsarin mulkin 1999 ya sa harkar tarho da sadarwar iska a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, amma ƙasa ba tata ba ce. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, Kotun Ƙoli kuma a 2003, a shari'ar Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya, ta ce tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ita kanta dokar sadarwa ta 2003, a sashe na 135, ta faɗa wa mai lasisi cewa neman izinin jiha da na ƙaramar hukuma a wuyansa yake. Wannan sashen shi ne aikina gaba ɗayansa.

Filin farko da na samu bayan wani gidan burodi yake, mai shi a shirye yake, takardunsa tsaf. Muka zo da tef muka auna daga inda ƙafar turken za ta zauna zuwa katangar gidan da ke kusa, muka samu mita 7. Ƙa'idar NCC ta 2009 a kan kafa turaku ta ce mita 5, dokar hukumar kare muhalli ta NESREA ta 2011 ta ce mita 10, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kan wannan saɓani a faɗin ƙasar. Mu da ke fagen aiki mun riƙi 10 ga duk sabon turke, don babu mai son ya zuba miliyoyi a ƙasa sannan a zo a garƙame. Na bar filin ina jin zafi. Wanda ya san tsoffin unguwanninmu ya san samun wurin da zai ba da mita 10 ta kowace fuska ba ƙaramin abu ba ne, gida manne da gida, lungu da ƙyar kura take wucewa. Ƙa'idar da aka rubuta da manyan turaku a zuci tana da hujjarta, domin ƙarfe in ya faɗi a kan rufin mutane zai faɗi. Amma ita ce kuma ke ture sabis daga unguwannin da suka fi yawan jama'a.

Mai unguwa ne ya nuna mini na biyu, wani kango mai faɗi na wani marigayi Alhaji. Babban ɗansa ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce in kawo takarda ya sa hannu, shi ne babba. Da na kai wa lauyar kamfani bayani, tambaya ɗaya ta yi mini: an raba gado? Ba a raba ba. Marigayin ya bar mata biyu da 'ya'ya maza da mata, wasu na aure a wasu garuruwa, ɗaya yana neman kuɗi a Legas, autan kuma bai balaga ba. Takardar filin ma ta ciniki ce kawai, mai sa hannun shaidu da hatimin mai unguwar da ya gabata, babu takardar mallaka ta gwamnati.

Na koma na sami babban ɗan a ƙofar gida bayan la'asar.

"Alhaji, ba rashin yarda ba ne. Kuɗin haya na shekaru za a biya a dunƙule. In ƙanwarka ɗaya ta je kotu gobe ta ce ba da saninta ba, aikin zai tsaya, kai kuma a ce ka ci haƙƙin maraya."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka faɗi gaskiya. Bari in yi magana da su Hajiya."

Abin da ya biyo baya ya ɗauke mu wata uku. Aka je kotun Shari'a, alƙali ya tantance magada, aka fitar wa matan tumuninsu su raba, sauran kuma namiji rabon mata biyu, aka naɗa wanda zai riƙe wa yaron kasonsa. Suka amince kangon ya zauna a haɗe, kuɗin haya ne za a riƙa rabawa, suka wakilta mutum biyu su sa hannu a madadin kowa. A duk matakan da na bi, wannan ne ban taɓa jin haushin jinkirinsa ba. Ranar da aka karanta rabon, ƙaramar matar marigayin ta aiko yaro ya ce mini ta gode, ashe ba ta taɓa sanin tana da wani abu a kangon ba. Daga nan muka shiga ma'aikatar filaye don a mayar da takardar ta gwamnati, a kuma nemi amincewar gwamna a kan hayar, kamar yadda dokar 1978 ta shar'anta. Fayil ɗin ya yi ta hawa yana sauka tsakanin masu awo, masu ƙiyasta daraja da ofishin rajista, ni kuma ina biye da shi ƙafa da ƙafa, domin fayil ɗin da ba a bi ba kwanciya yake yi.

Takardun Abuja, waɗanda na fi jin tsoro, su suka fi zuwa da sauƙi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana ba da takardar amincewa da tsayin turke, don kada ya shiga hanyar jirgi. Ita ce dalilin fentin ja da fari da jar fitilar da ke ƙyaftawa a ƙololuwa da dare. Muka aika ma'aunin wurin da tsayinsa, aka biya, ta fito. Rahoton tasirin aiki ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta, wani ƙwararre muka ɗauka ya rubuta. Abin da ya sa suka yi sauƙi a ganina shi ne an san abin da ake nema, an san farashi, an san inda za a biya.

A cikin jerin takardun da aka ba ni babu ko ɗaya da ke cewa a nemi yardar maƙwabta. Amma ranar da masu gwajin ƙasa suka kafa injinsu a kangon, kafin azahar matasa sun taru, aka ce a kwashe. Labari ya riga ya zaga cewa 5G za a kawo. Ba su manta da 2020 ba, lokacin da ji-ta-ji-ta ta cika WhatsApp cewa ita ke haddasa korona, har aka ƙona turaku a Ingila, a nan gida kuma sai da NCC da ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, suka fito suka ce ba a ma ba kowa lasisin 5G ba tukuna, Majalisar Dattawa ma ta yi zama a kai.

Mai unguwa ya kira taro a zaurensa bayan sallar isha'i. Liman yana nan, dattawa na nan, matasa sun cika ƙofa, mata kuma suna ji ta cikin gida. Na zo da shirina. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah gafarta Malam, iskar da wannan na'ura ke aikawa dangin ta rediyo da talabijin ce, ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan bincike mai yawa ba a tabbatar da wata cuta da take jawowa ba matuƙar ba a wuce ma'aunin da aka gindaya ba. Korona kuwa ta shiga garuruwan da ko 3G ba su da ita." Aka saurare ni, wasu suka gyaɗa kai, amma na ga maganar ba ta zauna ba.

Sai wata dattijuwa da gidanta ke jingine da kangon ta yi magana daga bayan labule. "Ɗan nan, ni ban san wata 5G ba. 'Yata tana aure kusa da irin ƙarfen nan. Injinsu ba ya barin kowa barci, baƙin mai kuma ya bi ƙasa ya shiga rijiyarsu, yanzu ruwan sha saya suke yi. Rijiyata ga ta nan bayan katangar nan. Ita nake tambaya."

Zauren ya yi tsit, domin ta faɗi abin da ke ran kowa. Na zo da amsar tambayar da ake yi a intanet, ita kuma ta kawo wadda ake rayuwa da ita. Kayan 5G suna shan wuta fiye da na da, wutar gari kuwa kowa ya san halinta, saboda haka janareto ne zai riƙa ɗaukar nauyin, ga man gas ya yi tsada. Ban yi mata alkawarin baki ba. Na roƙi mako biyu, na koma ofis na kafe har aka sake zanen: janareto mai rufin rage ƙara, a mayar da shi kusurwar da ta fi nisa da gidanta, tankin mai a cikin kwarmin siminti da zai tare duk abin da ya zuba, a ƙara batura da faifan sola don injin ya riƙa hutawa da dare. Aka rubuta a takarda cewa za a gwada ruwan rijiyar kafin a fara aiki, a kuma riƙa maimaitawa. Mai unguwa da liman suka sa hannu a matsayin shaidu, aka ɗauki mai gadi daga cikin matasan unguwar. Dokokin muhalli sun yi magana a kan ƙara da malalar mai, gaskiya ne, amma babu wanda ya taɓa karanta wa wannan baiwar Allah su, kuma ba ta san ƙofar da za ta buga ba in an saɓa. Har yau ina ganin wannan zama ya cancanci ya zama sharaɗi a rubuce kafin a ba kowa izinin kafa turke.

Izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha ya fito bayan an sake neman zanen ƙarfe da sakamakon gwajin ƙasa. Sai fayiba, wadda ta fi komai cin raina.

Duk wanda zai binne waya a gefen titi sai ya biya kuɗin izinin bi ta hanya, ana lissafa shi mita-mita. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. A Janairun 2020 gwamnoni suka sake amincewa da 145 ɗin. A shekarar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe kuɗin baki ɗaya. A auna bambancin a kan aiki irin namu: mita 2,000 a kan 145 naira 290,000 ne, a kan 4,500 kuwa miliyan 9. Kamfani in ya ga lissafi irin na biyun, sai ya karkata wayarsa zuwa wata jihar, talakan da ke nan ya ci gaba da ɗaga waya sama yana neman sabis. Matsalar ita ce wancan amincewa yarjejeniya ce, ba doka ba. Babu kotun da za ka kai jiha don ta ƙi bin ta.

Kilomita biyun namu sun bi ta hannu uku. Farkonsu gefen babban titin Gwamnatin Tarayya ne, tsakiyarsu titin jiha, ƙarshensu lungunan da ƙaramar hukuma ke cewa nata ne. Kowanne da fom ɗinsa da ma'auninsa. A ofishin jiha an rubuta mini kuɗin mita daidai da yarjejeniya, na yi murna, sai na juya shafi na ga kuɗin duba aiki, kuɗin gyaran kwalta, kuɗin ajiya na ko-ta-kwana, da kuɗin fom, waɗanda a haɗe suka ninka na mitar sau da yawa. Kuɗin gyaran kwalta ban yi jayayya da shi ba. Na sha ganin 'yan kwangila sun tsaga titi sun tafi sun bar rami, damina ta zo ta ƙarasa shi, kuma jama'a gwamna suke zagi. Abin da na nema kawai a nuna mini dokar da ta ƙayyade sauran, a kuma ba ni asusun gwamnati in biya a banki. A kan wannan buƙata fayil ɗina ya yi makonni bai motsa ba, sai da lauyarmu ta rubuta wasiƙa aka zauna aka daidaita.

Muna tsakiyar zuba kankare wata safiya mai gadi ya kira ni, ya ce wasu mutane sun zo da riguna masu sheƙi sun sa kwaɗo a ƙofa. Na tarar da takardar neman biya manne a jikin get: kuɗin harabar kasuwanci, kuɗin tsafta, kuɗin hayaƙin janareton da ba a ma kawo ba, kuɗin allon sanarwa saboda ɗan allon gargaɗin da doka ta tilasta mu liƙa. Akwai dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai iya karɓa, na ɗauke ta na tafi sakatariya. Jami'in da na samu dattijo ne mai natsuwa. Muka bi jerin layi-layi, ya amince biyu daga ciki ba su da tushe, biyu kuma na biya a banki na kawo rasit. Kafin a cire kwaɗon kwana huɗu sun wuce, kankaren da aka fara zubawa ya bushe rabi, dole aka fasa aka sake. Da zan fita ya ce mini, "Ɗana, mai shago in an matsa masa sai ya rufe ya gudu. Ƙarfenku ba ya gudu." Na fahimci matsin da suke ciki, ƙananan hukumomi da yawa ba su da wata hanyar samun kuɗi ta kirki. Amma duk kwanan da aka rufe turke mai aiki, mai POS da mai jinya da ɗalibi ne ke biya, ba kamfani kaɗai ba.

Muka binne fayiba, aka gwada, haske ya wuce lafiya. Bayan mako uku motar haƙa ta wani ɗan kwangila da ke gina magudanar ruwa ta tsinke ta a wuri biyu. Direban bai san tana wurin ba, kuma ban ga laifinsa ba: ofishin da ya ba shi aiki da ofishin da ya ba mu izini a harabar sakatariya ɗaya suke, amma taswirar da muka miƙa ba ta taɓa isa teburin ɗayan ba. A 2024 ɗin ne Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015. Mun yi maraba da shi, domin ya ba mu abin nunawa ga mai zuwa da kwaɗo da ɓarawon batir. Sai dai abin da zai ceci wayarmu a ranar ya fi haka sauƙi: a kira mu kafin a fara haƙa, ko kuma tun ana gina titi a binne bututun da kowane kamfani zai zura wayarsa a ciki ya biya haya, a daina tsaga kwalta sau biyar. Mu muka biya gyaran, muka kuma sa yaro ya tsaya tare da masu haƙar har suka wuce layinmu.

An kunna turken ana gab da kaka. Na tsaya a ƙofar kangon da wayar gwaji, alamar 5G ta fito, injiniya ya sauke wani babban fayil daga intanet kafin in gama gaisawa da mai gadi. Yawancin wayoyin unguwar ba sa kama ta, tsadarsu ta fi ƙarfin mutane, amma da yake an ɗora kayan 4G a kan turken, kowa ya ga canji a ranar. Wanda ya fara sayen na'urar 5G ta gida wani matashi ne mai shagon kwamfuta da ke cike wa ɗalibai fom, wanda da yana cikin masu cewa a kwashe injin gwaji.

Sakamakon gwajin rijiya na biyu ya fito ruwan lafiya lau, na kai wa dattijuwar da hannuna, jikanta ya karanta mata. Ta ce injin tana jin sa kaɗan-kaɗan in gari ya yi shiru, amma tana barci. A watan Janairu sababbin takardun neman biya na shekara suka iso, na ware masu tushe na tura wa lauya sauran. A makon ne kuma aka ajiye mini wani fayil a tebur, da jan ɗigo a unguwar da ke gaba, bayan kasuwa. Kafin in ɗauki tef, gidan mai unguwarsu na fara zuwa, na roƙe shi ya tara mini maƙwabta har da matan.